Filin Jirgin da Albasa ta Tsiro a Kai

Lokacin da anka yanke mu daga Sakkwato anka ba mu jiha tamu, ni direban babbar mota ne, ina jigilar albasa daga Aliero zuwa Kudu. Na fi shekara goma a kan wannan hanya, har bayana ya fara ƙin miƙewa in na sauko daga mota. Matata ce ta gaji da ganina ina tafiya a duƙe, ta je ta sami kawunta ta kai mishi kuka. Kawun nan nata Alhaji ne, ɗan kwangila a Jega, yana da tifa uku da tsohuwar gireda mai baje ƙasa, kuma manyan da sunka tare a Birnin Kebbi duk sun san ƙofar gidansa. Ba a yi sati biyu ba ya aiko in zo. Ya ce an buɗe wani ofishi na yaƙi da fara da tsuntsu, suna neman direba, kuma ya riga ya ba da sunana. Na durƙusa na yi godiya. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka cancanta ce ta kai ni aikin. Ta ƙofar Alhaji na shiga.

Ofishin gidan haya ne, ɗaki biyu da zaure, a bayan kasuwar Jega. Teburi ɗaya, keken rubutu ɗaya, sai akori-kura ɗaya, wadda anka damƙa mini. Mai riƙe da ofishin wani Kirista ne mutumin Filato, siriri mai tabarau, ya yi karatun aikin gona. Sakatare muke ce mishi. Ya daɗe a ƙasarmu tun muna ƙarƙashin Sakkwato, Hausa a bakinsa kamar ɗan gari, zafinmu ne kawai bai taɓa sabawa da shi ba. Kullum da ɗan tawul a wuya.

Wanda bai taɓa ganin jan-baki ya sauka a gona ba, ba zai gane abin da ya sa mutane sunka yi fushi da ni ba. Ɗan tsuntsu ne, bai cika tafin hannu ba. Amma in sunka taso daga fadama da hantsi sai ka ce hayaƙin gobara ne ke tafiya a sama. Ba sa zuwa sai gero ya fara ƙwaya tana da ruwa-ruwa, daidai lokacin da ake marmarin tumu. Kana wannan gefen gona kana kaɗa gwangwani kana ihu, suna wancan gefen. Kafin ka zagayo, zangarniya ta zama ƙaiƙayi. Maganinsu in sun yi yawa sai ƙaramin jirgin sama, ya bi su makwancinsu da yamma ya yi musu feshi. A da daga nesa jirgin ke tasowa, kafin ya iso wajenmu ya kusa juyawa. Shi ya sa manyan sabuwar jiha sunka ce a yi mishi ɗan fili kusa da mu, inda zai sauka ya sha mai, a cika mishi magani ya tashi.

Wurin da anka zaɓa wani dogon faƙo ne a gefen hanyar Jega zuwa Maiyama, ko ƙaya ba ta fita a kansa. Da rani matuƙin jirgin ya zo a mota don ya gani da idonsa. Bayarabe ne mai furfura, tsohon sojan sama, Hausarsa ta bariki. Ya taka faƙon nan da ƙafa tun daga farko har ƙarshe, yana tafiya yana buga dunduniya a ƙasa. Ya ce wurin ya yi, ban da wani kwari da ke tsakiya, inda mutanen zamanin da sunka haƙi ƙasar gini, ruwa yana kwanciya a ciki da damina. Ya ce a cike shi da jar marmara, a zuba kaɗan a jiƙa a danne, a ƙara zubawa a danne, har ya zo daidai da faƙo.

Sai ya tambaya wane ne direba. Anka nuna ni. Ya ja ni gefe ya koya mini abin da zan riƙa yi. Duk ranar da zai sauka, in loda wa akori-kura buhu goma na yashi, in bi filin a guje daga farko zuwa ƙarshe. In na tsaya, in dawo da ƙafa ina duba sawun taya. In sawun bai wuce yatsa biyu a zurfi ba, in kafa farar tuta. In ya wuce, ko da a wuri ɗaya ne, in kafa ja, shi kuma ya koma inda ya fito. Ya kama hannuna ya haɗa yatsuna biyu ya nuna mini, kamar mai koya wa kurma.

Ya ce, "Daga sama duk ƙasa ja ce, ba na gane mai tauri da mai laushi. Abin da ka nuna mini, shi zan yarda da shi. Ina da yara huɗu a Ibadan."

An ce za a kawo mana oba-oba mu riƙa magana da shi yana sama. Har na bar aikin ban gan ta ba. Tutocin kuwa wani tela a kasuwar Jega ya ɗinka su, na ajiye su bayan kujerar mota.

Aikin filin Alhaji anka ba. Bai ba kowa mamaki ba, don shi kaɗai ke da gireda tsakanin Jega da Maiyama. Ni ke kai wa leburori ruwa a duro, saboda haka kullum ina wurin. Ramin marmara yana can wajen Andarai, hanyarsa duk yashi, tifa ba ta yin sawu ya fi uku a wuni. A sati na biyu na lura tifofin sun daina fitowa ta wancan gefe, ta hanyar Aliero suke zuwa. Da sunka juye, ban buƙaci in tambayi kowa ba. Na yi shekaru ina lodi a bayan rudu, wato ma'ajiyar albasa, inda ake zubar da wadda ta ruɓe shekara da shekaru, ga toka ga kashin awaki, har ya zama tudu. Ko idona a rufe na san wannan wari. Juji ne baƙi ƙirin anka cika kwarin da shi. Gireda ta baje, sannan anka kawo marmara anka shafa a sama kamar yadda mata ke shafa wa daɓe makuba. Kaurinta bai kai tafin hannu ba. Da anka gama, in ka tsaya a bakin hanya, fili ne ja sumul daga nan har can.

Na gani, ban ce komai ba. Matata kaɗai na gaya wa. Ta tambaye ni ko tuƙi anka ɗauke ni ko aikin injiniya. Na ce tuƙi. Ta ce to in yi tuƙina.

Bayan wata guda takarda ta zo daga Birnin Kebbi. An kafa kwamitin da zai duba lafiyar filin, ya ce ya yi ko bai yi ba, kuma ya ci gaba da sa ido a kai. Sakatare ya karanta mini sunayen a zaure yana goge wuya. Akwai wakilin hakimi. Akwai wani tsohon hedimasta, mutumin kirki, wanda ya gaya mini da bakinsa bai taɓa ganin jirgi a ƙasa ba. Akwai wani ɗan kasuwa wanda ƙanensa ne ke kawo duron maganin feshi kuma shi ya haɗa hayar jirgin. Akwai shi Sakatare, mai rubutu. Shugaban kwamiti kuwa Alhaji.

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma na ce, "Sakatare, wanda ya yi aikin shi ne za shi duba aikin?"

Ya nuna mini layin da yatsa. An rubuta cewa an zaɓi Alhaji ne saboda babu wanda ya san filin kamarsa. Na ce wannan kam gaskiya ce.

Ranar dubawa ni na kwaso su. Sunka sauka da manyan riguna a gindin wata tsamiya da ke farkon fili, sunka taka kamar taku hamsin, rana ta buge su sunka dawo inuwa. Hedimasta ya tambaya ta ina jirgin zai shigo, Alhaji ya nuna sama, anka yi dariya. An kawo balangu da lemo daga Jega. A kan bonet ɗin motata anka ɗora takardar, kowa ya sa hannu. Sakatare ne na ƙarshe, ya daɗe yana neman biro a aljihu alhali tana hannunsa.

A hanyar komawa ofis, bayan na sauke sauran, daga ni sai Sakatare a mota. Na gaya mishi abin da ke ƙarƙashin marmarar nan. Ya ce ya sani, shi ma yana da hanci. Na ce to don me ya sa hannu. Ya ce tun da anka yi jiha ake tace ma'aikata, wane ɗan ƙasa ne, wane baƙo ne, kuma takardunsa suna kan wani teburi a Birnin Kebbi ba a ce komai a kansu ba tukuna. Yaransa uku suna makaranta a Jega. Ya ce ni ne ɗan ƙasa, ni ya kamata in faɗa. Na ce ni surukin Alhaji ne.

Da ruwa ya sauka sai filin ya tona kansa. Faƙo yana nan yadda yake, tsirara. Amma tsakiyar nan ta yi kore shar, gefe huɗu a miƙe kamar an auna da igiya. Tafasa, alayyafo, rama, har da albasa nan da can ta turo ganye. Awakin Fulani sunka gano wurin. Masu wucewa a keke sukan tsaya su tambaye ni filin jirgi ne ko lambun gwamnati, wani ya ce in jirgin ya zo a ba shi ya tafi wa matarsa da kayan miya. Sau biyu Alhaji yana turo leburori su nome wurin, kuma duk saran fartanya sai ya tafi da ɗan jan da ya rage.

Jan-baki ya zo a shekarar irin zuwan da tsofaffi sunka ce sun daɗe ba su gani ba. Ya fara ta Andarai, ya gangaro Giwa Tazo, har Kashin Zama anka aiko ana kuka. A Giwa Tazo gonar ubanmu take, yayana ke noma ta, ni ina kai taki da abin da ya sawwaƙa, in an yi girbi mu raba. Daga wannan gona gidana ke cin tuwo. Kullum zauren ofis cike da dattawa daga ƙauyuka. Yayana ya zo a keke, muryarsa ta dushe don ihu, sai da na matsa kusa na ji abin da yake cewa. Tambaya ɗaya ce, yaushe jirginmu za shi zo.

Saƙo ya iso cewa ranar Alhamis bayan azahar. Ranar Talata anka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Laraba anka ƙara. Alhamis da safe ana ɗan yayyafi na loda buhunan yashi na tafi.

A kan faƙo motar tana tafiya kamar a kan kwalta. Da na shiga tsakiya sai sitiyari ya yi nauyi, bayan motar ya fara rawa, da ƙyar na fita. Na tsaya na dawo da ƙafa. Ba maganar yatsa biyu ba ce. Na sa hannuna a sawun taya ya shige har wuyan hannu, baƙin ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa, ga warin nan na bayan rudu. Na bi sawun da taku, ya kai taku sittin a haka.

Na wuce gidan Alhaji kai tsaye. Na same shi a zaure yana karin kumallo, na cire takalmi na durƙusa. Na faɗa mishi abin da na gani, na nuna hannuna da ban wanke ba. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce tifa cike da ƙasa ta bi ta wurin nan ba sau ɗaya ba, balle ɗan jirgin da bai fi mazari ba. Na ce da rani ne tifa ta bi. Ya ce rana za ta fito, kafin azahar wurin ya sha iska, kuma zai tura a gyara sawun da na yi. Ya tambaye ni ko na je Giwa Tazo a satin nan. Na ce na je. Ya ce to na ga abin da talakawa ke ciki, in jirgin nan ya koma yau ba mai dawowa ba ne, wasu garuruwa na jiransa.

Sai ya ajiye kofin shayi ya ce, "Akwai baƙi daga Birnin Kebbi. Ka ɗaga jan ƙyalle gabansu, mi kake so su ce? Ni na yi aikin, ni na sa hannu."

Na ce, "Ranka shi daɗe, shi ya sa na zo gare ka."

Ya ce in kawo mishi jar tutar ya ajiye, kada ta ruɗa mutane. Na tashi na je mota na ɗauko, na miƙa mishi da hannu biyu. Wannan ma ba zan ɓoye ba. Kuma har yau ina ganin ya yarda da abin da ya faɗa. Jirgin da ya sani shi ne babban da ya kai shi Makka. A ransa wannan abin wasa ne, zai dira kamar tantabara.

Rana ta fito kuwa, mai zafi. Kafin azahar bakin fili ya cika. Mutanen Andarai, na Giwa Tazo, na Kashin Zama, wasu a keke wasu a jaki, wasu tun safe suke tafe a ƙasa. An kafa rumfa an jera kujeru, an jera duron magani a gindin tsamiya. Leburori sun cike sawuna sun barbaɗa jar ƙasa a kai sun share da tsintsiya. In ba ka sani ba, ba ka ganewa. Farar tutar ma ba a jira ni ba, Alhaji ya sa an ɗaura ta a dogon gora an kafa.

Na tsaya jikin motata a gefen rumfa, buhunan yashi suna ciki ban sauke ba. Na ce wa raina ai ba hannuna ne ya kafa tutar ba, in wani abu ya faru akwai takarda da hannun mutum biyar. Na maimaita wannan ya fi sau goma. Amma matuƙin da ke tafe bai san mutum biyar ba. In ya leƙo ya ga fari, ni zai ɗauka na gaya mishi. Sau biyu a hanyar Kudu na taɓa taya jawo direba daga cikin motar da ta kife, ɗaya da rai ɗaya babu. Abin da ke zuwa mini ke nan, ba wani dogon tunani ba. Na san yadda taya ke yi in ta faɗa laka a guje, gaba ya tsaya baya ya taso.

Munka ji ƙararsa kafin mu gan shi. Mutane sunka miƙe, wasu na kabbara. Sakatare yana jingine da bonet ɗin motata. Bai dube ni ba, ya dai ɗaga jikinsa ya matsa gefe ya ci gaba da goge wuya.

Na shiga na tayar. Na hau filin na miƙe tsakiya, da na kai wurin na karya kan motar na gicciye ta, na kashe, na zare makulli na sa a aljihu. Na ɗaga gilashi na zauna.

Jirgin ya riga ya sauko ƙasa-ƙasa, ina ganin tayoyinsa. Ya wuce ta kaina da ƙara har motar ta girgiza, ya sake hawa. Ya zagayo sau biyu. A na biyun ya karkata fiffike ɗaya, sannan ya miƙe gabas, yana ƙanƙancewa har ya ɓace.

Kafin nan mutane sun iso. Suna dukan motar da hannu, suna turawa, ita kuwa tana ƙara nutsewa, su ma ƙafafunsu suna shigewa har idon sawu. Wani ya buɗe ƙofa ya jawo ni, rigata ta yage. Ban ji zafin wannan ba. Yayana ne ya ratso mutane ya tsaya gabana, takalminsa ɗaya ya maƙale a laka. Bai taɓa ni ba. Da ragowar muryarsa ya ce, "Ka kashe mu, ƙanena." Ya juya ya tafi da takalmi ɗaya.

Motar a nan ta kwana, ta nutse har gindi. Washegari tifar Alhaji ce ta zo da sarƙa ta fizgo ta. Duk wanda ke wurin ya ga baƙar laka, ya ji warinta, har ruɓaɓɓen ɓawon albasa ya fito manne da taya. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Bayan sati ɗaya anka ce daga sama an ba da umurni a binciki abin da ya hana jirgi sauka. Kwamitin kula da lafiyar fili anka ba binciken. Sunka zauna a ofishinmu, mutum biyar ɗin nan, Alhaji a tsakiya, Sakatare a bayan keken rubutu. Anka kira ni na tsaya. Ɗan kasuwan nan, wanda duron ƙanensa sunka koma ba a buɗe ba, shi ya fi kowa tambaya. Ya ce wa ya ba ni izinin hawa filin jirgi da mota mai lodi bayan ruwa. Na ce matuƙin jirgin ne ya ce in riƙa yi. Ya ce ina takarda. Na ce da baki ya gaya mini. Wakilin hakimi ya ce filin lafiyarsa lau ranar da sunka duba, ga hannunsu a takarda, saboda haka duk ɓarnar da anka gani bayan nan daga tayar motata ta fito. Alhaji yana jan carbi yana kallon bango.

Anka tambaye ni ko ina da abin cewa. Na ce, "Ranku shi daɗe, in ina da ƙara a kan ƙasar da anka zuba a kwarin nan, wurin wa zan kai?"

Hedimasta ne ya amsa mini, da tausayi ma ya faɗa. Ya ce ai wurin kwamiti. Babu wanda ya yi dariya.

Takardar sallama Sakatare ne ya kawo mini gida da kansa. Ya zauna a tabarma, matata ta kawo ruwa ya sha. Ya ce da hannunsa ya buga ta, gara in ji daga bakinsa. Na ce ai dole wani ya buga. Ya ce ya sa cewa na bar aiki ne saboda ciwon baya, sun bar shi a haka. Shekara ta zagayo shi ma anka gama duba takardunsa, ya kwashe iyalinsa ya koma Filato. Ni na kai kayansu tasha a motar aro.

Jirgin bai dawo ba a shekarar. Abin da munka samu a gonar ubanmu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da munka saba ba, wasu ko irin shuka ba su fitar ba. Na ga mutanen Giwa Tazo suna sayar da awakinsu tun kafin sanyi ya shigo. Ba na cewa ba su da dalilin jin haushina. Yayana bai amsa gaisuwata ba sai da Babbar Salla, shi ma don uwarmu tana raye ne a lokacin. Matata ba ta taɓa ce mini na yi daidai ba, ba ta kuma ce na yi kuskure ba. Ranar da na koma ɗaukar albasa ta dafa mini ruwan zafi na gasa baya, shi ke nan.

Gyaran ɓarnar da anka ce na yi, Alhaji anka ba. Kwamiti ya duba ya ce ya yi. Shekara ta gaba tsuntsu bai yi yawa ba, ta gaba da ita anka rufe ofishin, har yau jirgi bai taɓa sa taya a filin nan ba. Daga baya na ji an sa Alhaji cikin wata babbar hukuma can sama da ta shafi jiragen sama, wai saboda ya taɓa shugabantar irin wannan aiki a jiharsu. Ban san abin da suke yi a can ba. Filin yanzu gona ce. Ina bi ta wurin in na ɗauko lodi. Faƙon ba ya ba da komai, amma tsakiyar nan dawarta ta fi ta kowa tsawo, wanda ke nuna irin gyaran da anka yi.

A tasha har yau akwai masu ce mini hana-sauka. Wasu cikinsu suna cewa da na bari da ya sauka lafiya, jirgi ba shi da nauyin akori-kura mai buhu goma, kuma a guje zai wuce ba tsayawa zai yi ba. Ba na musu da su, don ban sani ba. Ba zan iya rantsuwa cewa da ya kife ba. Yatsa biyu anka ce mini, na sa hannu ya shige har wuya, iyakar sanina ke nan. Akwai wanda ya ce karkata fiffiken da matuƙin ya yi godiya ce yake mini. Wataƙila. Ni dai na lura duk jirgin da zai juya sai ya karkata. Ban ƙara ganin matuƙin ba, ban san ko ya san abin da ke ƙarƙashin motar ba, ko ya ɗauka wani sakaran direba ne mota ta mace mishi a kan hanya.

Duk Salla ina zuwa gaida Alhaji, kawun matata ne. In cire takalmi in durƙusa, ya tambayi baya, in ce da sauƙi, ya miƙo goro. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Jar tutar kuwa na gan ta bara a hanyar Maiyama. Tifarsa ce a gabana ta ɗauko rodi masu tsawo, an ɗaura tutar a ƙarshensu don na baya ya gani ya rage gudu. Ta koɗe, amma na gane ɗinkin telan. Na rage gudu, na bi su a hankali har sunka karya kwana.